Ɗan Maƙera da Kiɗan Ƙarfe

Cikin aikatau na Hausa da wuya a sami wanda aka ɗora wa kaya kamar "ji". Da shi ake jin kira, da shi ake jin ƙanshi da wari, da shi ake jin gishiri a miya, da shi kuma ake jin sanyi da yunwa da kunya da tausayi. Wanda ya iya wani harshe, cewa ake yi yana jin harshen. Yaron da ya ƙi bin umarni, sai a ce ba ya ji. A shekarar 1991 wani manazarci mai suna Ian Ritchie ya wallafa maƙala a kan wannan al'amari, inda ya nuna cewa Bahaushe ya kasa hanyoyin fahimtarsa gida biyu ne: gani a gefe guda, sauran duka kuma ya tattara su ƙarƙashin ji. Ɗalibin ilimin harsuna yakan karanta wannan a darasin ma'ana, ya amsa tambaya a jarrabawa, ya wuce. Amma a Magarya akwai mutumin da abin da ya fi so a duniya ya rataya kacokan a kan faɗin wannan kalma, domin shekara goma ke nan yana sauraron waƙoƙin da ba ya jin harshensu, kuma idan aka tambaye shi yakan rantse cewa yana jin su sarai.

Mutumin ɗan wani ƙauye ne a gundumar Dungas, wadda take cikin gundumar Magarya kafin a yanke ta a 2011. Gidansu gidan ƙira ne kaka da kakanni. Ya yi boko har aji uku na kwaleji, ya bari da ɗan Faransancin da zai karanta takarda, Ingilishi kuwa bai wuce gaisuwa ba. Bai gaji masaba ba. Rumfa gare shi a Magarya, inda yake cajin waya, yana gyaran ƙananan lasifikoki, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi a katin memori. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi iyakar Nijeriya, saboda haka naira da sefa duk suna shiga aljihunsa, kuma abin da ya fito a Kano ba ya kwana biyu bai iso teburinsa ba. Ƴan mata sukan nemi Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, magidanta su nemi Shata da Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo, wasu kuma karatun Alƙur'ani da wa'azi kaɗai suke so. Duk yakan ba kowa abin da ya zo nema. Sai dai a kwamfutarsa akwai wani ɓangare da ya keɓe wa kansa, wanda yakan buɗe bayan kasuwa ta watse.

Abin da ke cikin wannan ɓangare ya zo masa ne ta hanyar da kiɗa ya saba bi a wannan yanki, wato daga waya zuwa waya. Hanya ce da ta yi ƙarfi har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tattara irin waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutanen Sahara ya fitar da su a faifai a 2011. Wani ɗan ci-rani da ya dawo daga Libiya ne ya kawo masa memori a goge masa. Kafin ya goge, sai ya leƙa, ya tarar da waƙoƙi masu lamba babu suna. Ya danna ɗaya. Abin da ya fito daga lasifikar ya yi kama da babbar mota tana hawan tudu da kaya, a bayanta kuma ganguna suna sauka kamar ana dukan ƙarfe a kan uwar maƙera. Makwabcinsa mai shayi ya ɗauka lasifikar ce ta lalace. Shi kuwa ya kwafe duka kafin ya goge katin, kuma sai da ya yi kusan shekara biyu kafin ya san sunan abin da yake sauraro.

Suna

Turawan Ingila da Amurka suna kiran wannan kiɗa "hebi metal", wanda idan aka fassara shi kalma da kalma zai ba da "ƙarfe mai nauyi". Bahaushen da ya ji haka zai ɗauka zancen dalma ake yi ko turmin injin niƙa. Duk da haka sunan bai yi nisa da asalin abin ba. Ƙungiyar da aka fi danganta farkon kiɗan da ita, Black Sabbath, samari huɗu ne ƴaƴan talakawa suka kafa ta a 1968 a Birmingham, birnin masana'antun ƙarfe na Ingila: Ozzy Osbourne mai waƙa, Tony Iommi mai gita, Geezer Butler mai gita mai kaurin murya, da Bill Ward mai ganguna. Iommi yana da shekara 17 yana aiki a wata masana'antar fallayen ƙarfe lokacin da inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiya. Maimakon ya haƙura, sai ya narka roba ya yi wa yatsun huluna, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don ya rage wa kansa zafi. Tsirkiyar da aka sassauta muryarta kan yi ƙasa ta yi kauri, kuma wannan kauri yana cikin abubuwan da suka ba kiɗan nauyin da aka san shi da shi.

Ranar da wani malamin Ingilishi na kwalejin garin ya ba shi wannan labari, ɗan maƙeran ya daɗe bai ce uffan ba. Ya taso yana ganin hannuwan da wuta ta lasa da faratan da masaba ta fasa. Ya kuma san cewa a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, maƙera da dundufa. Masu nazari kamar David Ames da Anthony King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a ayyukansa kan waƙar baka, sun yi bayanin wannan rabo filla-filla. Shi bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba, amma a ransa ya yanke hukunci cewa abin da yake sauraro dundufar maƙeran Birmingham ce, aka jona mata wutar lantarki.

Faifai uku

Masoyan wannan kiɗa a ko'ina suna da al'ada guda: kowa yana da faifan da zai iya yin musu a kansa har gari ya waye. A nan ma akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Faifai tun asali abin rufe ƙwarya ne da ake saƙawa da kaba; da garmaho ya zo aka ara masa sunan saboda kamannin siffa, da CD ya zo ya gaje shi, yau kuma har hoton bidiyon da ke yawo a waya, wanda ba shi da siffa ko kaɗan, faifai ake ce masa. Wasu kafofin labarai sun fi son "kundin waƙoƙi". Sai dai a al'adar makaɗan Hausa waƙa ɗaya ita ce ma'auni. Ana cewa Bakandamiyar Shata ko Bakandamiyar Narambaɗa, ba a cewa kaset ɗin Shata na uku ya fi na biyu. Ga masu metal kuwa, faifan gaba ɗayansa shi ne aikin, an jera waƙoƙinsa da niyya, ana so a saurare shi a zama guda. Katin memori yakan wargaza wannan jeri. Aikin farko da mutumin ya yi, bayan ya sami intanet a wayarsa, shi ne mayar da kowace waƙa gurbinta, kamar mai haɗa tsakiyar da ta tsinke.

Na farko a wurinsa shi ne Paranoid na Black Sabbath, wanda ya fito a watan Satumba na 1970 da waƙoƙi takwas. Abin da ya kama shi a ciki shi ne rashin gaggawa. Gitar takan faɗi gajeriyar magana, ta yi shiru, ganguna su amsa, ta sake maimaitawa, kamar maƙeri da mai riƙe masa awartaki. Daga baya malamin nan ya gaya masa cewa waƙar da ta buɗe faifan, "War Pigs", zambo ce ga manyan da ke tura ƴaƴan talakawa yaƙi su kuwa suna zaune a gida, kuma an yi ta ne lokacin yaƙin Biyetnam. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun kafin a fassara masa ya ji cewa mai waƙar da wani yake, domin muryar zambo ba ta ɓoyuwa ko da wane harshe aka yi ta.

Na biyu shi ne Master of Puppets na ƙungiyar Metallica ta Amurka, na watan Maris na 1986, wanda yake kira bakandamiyarsu. Wannan gudu gare shi kamar sukuwar sallah. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta tana magana ne a kan yadda ƙwaya ke mayar da mai shanta abin wasa a hannunta, kuma wanda ya zauna a tashar mota ko a fadar samari ya ga abin da taramol ya yi wa wasu, ba ya bukatar dogon sharhi. Amma wadda ya fi ƙauna a faifan ita ce "Orion", mai tsawon fiye da minti takwas, wadda babu kalma ko ɗaya a cikinta. Hannun Cliff Burton, mai gita mai kaurin murya, shi ya fi fitowa a ciki, kuma watanni shida bayan fitar faifan ya rasu a haɗarin mota a ƙasar Suwidin yana da shekara 24. Dalilin da mutumin ya ba da na son wannan waƙa ya cancanci a rubuta shi: a cikinta, in ji shi, shi da Baturen da aka haifa a Landan kunnensu ɗaya, babu wanda ya fi wani jin abin da ake faɗa.

Na uku ɗan gida ne, kuma masu tsananin bin ƙa'ida za su ce ba metal ba ne, su kuma yi gaskiya. Afrique Victime ne na Mdou Moctar, wanda ya fito a watan Mayu na 2021. Mahamadou Souleymane, kamar yadda sunansa na yanka yake, Buzu ne daga jahar Tawa, bahago shi ma, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da waƙoƙin fina-finan Hausa suka yi tashe da ita, kuma ta wayoyi ya bazu. Daga can ya kai ga manyan dandamalin Turai da Amurka da gitar da ke kuka kamar za ta tsage. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta takan fara da tafiyar raƙumi, ta riƙa ƙara sauri har ta zama guguwa. Ɗan maƙeran ba ya jin Buzanci fiye da yadda yake jin Ingilishi. Bambancin kawai shi ne wannan karon ya san ƙurar da kiɗan ya fito daga cikinta.

Taken wa?

Wata shekara bayan girbi ya je gida da ƙaramar lasifika. Mahaifinsa ya tsufa, kuma shekaru hamsin na dukan ƙarfe sun tafi da rabin jinsa, sai an ɗaga murya ake magana da shi. Da dare ɗan ya sa Paranoid. Tsohon ya karkata kai, bai sami abin da yake nema ba, sai ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan lasifikar, ya bar shi a can har gitar ta maimaita maganarta sau huɗu ko biyar. Sannan ya ce, "Kai, wannan taken wane ne?"

Ɗan ya ce, "Baba, ba na kowa ba ne. Duk wanda ya ji ya tashi, nasa ne."

Tsohon ya girgiza kai, domin a saninsa take ba ya zama babu mai shi. Da aka ba shi labarin yatsun Iommi kuwa, sai ya ce, "To, ashe namu ne. Ƙarfe ya sha jininsa."

Tambayar tsohon ta fi ƙarfin hira. Take gajeren kiɗa ne da ake maimaitawa, wanda yake tsaye a madadin sunan mutum ko na gari ko na sana'a. Kalangu yana iya faɗinsa ne saboda Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali: makaɗi ya matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, mai sauraro ya cike baƙaƙe da wasulan da kansa. Mai gitar metal ma da gajeriyar jimlar da yake maimaitawa yake gina waƙa, kuma masoya suna gane waƙar tun daga bugu uku na farko su yi kururuwa, tamkar yadda ɗan dambe ke zabura idan an taɓa nasa. Har tanƙwara tsirkiyar da mai gita ke yi don murya ta hau, ɗan'uwan matsin kalangu ne. Inda suka rabu shi ne inda tsohon ya sa yatsa: take na Hausa yana da ma'ana ta kalmomi a ƙarƙashinsa, yana kuma da ubangida, na metal ba shi da ko ɗaya, sai wanda ya tsinta ya riƙe. Wanda zai aro kalmar "take" don wannan kiɗa, to ya san cewa ya faɗaɗa ta, kamar yadda aka faɗaɗa faifai.

Fili

Masoyan metal sukan ce faifai rabin abu ne, sauran rabin yana filin wasa. Mutumin bai taɓa halartar wasan wata ƙungiyar metal ba. Abin da ya fi kusa da haka a rayuwarsa ya faru ne a 2014, lokacin da zinariyar Jado ta kwashi samarin kudu zuwa arewa, shi ma ya bi ayari ya yada zango a Agadas. A wata unguwa ana biki, aka tare titi, aka shimfiɗa tabarmi, aka tada injin wuta. Samari huɗu masu rawani suka jona gitocinsu a lasifikokin da suka sha wuya, suka ƙure su har muryar ta dushe ta koma tsatsa. Mata suna guɗa, masu rawa suna shiga fili biyu-biyu, ƙura ta tashi ta rufe fitila. Ya tsaya kusa da lasifika har ya ji kiɗan yana bugun ƙashin ƙirjinsa daga ciki. Sau biyu wuta tana ɗaukewa, kuma duk lokacin da ta ɗauke sai mai ganga ya ci gaba shi kaɗai, jama'a suna tafi, har injin ya dawo. Bai samo zinariya a wannan tafiya ba. Ya dawo da sanin cewa abin da yake ji a rumfarsa inuwa ce ta wani abu da ake ji da jiki duka.

Da ya nemi kalmar da zai kira abin da ya same shi a daren, bai sha wahala ba, domin tana nan tun kafin a haife shi: tsuma. Ita ce rawar jikin da ke kama ɗan tauri idan an kaɗa masa, da mafarauci, da maƙeri idan dundufa ta yi daɗi har ya kai hannu cikin wuta. Ya taɓa ganinta a filin kokawa na Langa-Langa a Damagaram, inda ƙato kan tsaya cak yana karkarwa, gashin jikinsa a tsaye, saboda makaɗi ya ambaci gidansu. Kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 kuma take zagaya jahohin ƙasa, ita ce babban taron da ɗan Nijar ya sani inda dubban mutane ke numfashi tare. Wanda ya zauna a cikin wannan taro ba zai ga baƙon abu ba idan aka nuna masa samarin Turai suna kaɗa kai gaba da baya, suna turereniya a gaban dandamali. Su ma abin da suka biya kuɗi suka zo nema ke nan. Ingilishi yakan yi kewaye-kewaye kafin ya faɗe shi, Hausa kuwa gaɓa biyu ta ishe ta.

A ranar 5 ga Yuli 2025 Black Sabbath suka yi wasansu na bankwana a filin ƙwallon Villa Park da ke Birmingham, unguwar da suka taso. Metallica da wasu manyan ƙungiyoyi suka zo yi musu rakiya. Ozzy Osbourne, wanda ciwon karkarwa ya hana shi tsayuwa, a zaune ya yi waƙa bisa wata baƙar karaga. Ranar 22 ga watan ya rasu yana da shekara 76. Mutumin ya kalli guntayen wasan a waya, a allon da bai kai tafin hannu ba, hoton yana tsayawa yana tafiya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan dare karin maganar bai yi masa aiki ba. Ya ga dubun dubatar mutane, ya ga tsoho a kan karaga, sai dai babu abin da ya bugi ƙirjinsa kamar a titin Agadas. Jin da gani yake kora shi ne jin labari. Ɗaya jin, na tafin hannu a kan lasifika, babu ganin da ke maye gurbinsa.

Zargi da haɗari

Son irin wannan kiɗa a gari kamar Magarya yana da farashi. Hotunan bangon faifan sukan zo da ƙoƙon kai da kaburbura da gicciye, wasu mawaƙan kuma gurnani suke yi maimakon waƙa. Akwai makwabcin da ya ce masa kiɗan aljanu ne, akwai wanda ya tambaye shi ko lafiya. Ba a nan kaɗai ake wannan zargi ba: a 2003 wata kotu a Kasabalanka ta Maroko ta ɗaure matasa 14 masu kiɗa da sauraron metal bisa tuhumar ɓata tarbiyya, sai da jama'a suka yi zanga-zanga kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. Shi dai mutumin yana kashe lasifika idan an kira salla, yana sahun gaba a masallacin kasuwa, kuma akwai waƙoƙin da ya goge da hannunsa bayan malamin Ingilishi ya gaya masa abin da suke cewa. Wannan ya nuna iyakar hujjarsa. Jin jiki gaskiya ne, amma bai ɗauke wa mutum nauyin jin ma'ana ba, kuma wanda yake rera abin da bai san fassararsa ba yana iya zagin kansa da bakinsa.

Haɗari na biyu ya fi kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ba da ma'auni: ƙarar da ta kai desibel 80, kada ta wuce sa'o'i 40 a mako ga babba, alhali a filin wasa takan haura 100. Ya san ƙarshen wannan hanya, domin ya ga mahaifinsa yana neman kiɗa da tafin hannu. Wani lokaci da dare, bayan ya cire abin sauraro daga kunne, yakan ji wani siririn fito da ba ya tsayawa. Tun daga nan ya rage ƙara, ko da yake yakan ce rage wa wannan kiɗa murya kamar shan fura da cokalin shayi ne.

Abin da ya rage wa masu harshe

A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun daga lokacin ake ta zancen kalmomin mulki da shari'a da kimiyya, kuma zance ne da ya dace. Sai dai harshen da zai ɗauki ƙasa dole ne ya iya magana a kan abin da ƴaƴanta suke ji a kunne, har da wanda dattawa ba sa so. Kayan aikin suna nan jibge. Hausa ta bambanta amo da ƙara da hayaniya. Tana da rugugi da cida da tsawa, da ruri da gunji da gurnani. Tana da amshi da take da tsuma. Tana da kalmomin amsa-kama irin su dim da rugum da ƙwal, waɗanda ƙamusun Bargery na 1934 ya cika da su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ɗaukar waɗannan kalmomi su gwada su a kan sabon abu su ga inda suka zauna da inda suka goce.

Wasu al'ummomin Afirka sun riga sun shiga. A Botsuwana akwai ƙungiyoyi irin su Overthrust da Wrust da masoyansu masu shigar baƙar fata. A Lome ta Togo ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta fitar da faifan Zã Keli a 2019, tana haɗa metal da gangunan gargajiya da harshen Ewe. A Yamai ƙungiyar Tal National, wadda ta sa wa faifanta na 2018 suna Tantabara, tana zuba Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci a kan gitoci masu gudun tsiya. Mdou Moctar kuma, a faifansa Funeral for Justice na 2024, ya keɓe waƙar "Imouhar" don kiran ƴan'uwansa su riƙe harshensu kada ya salwanta, abin da ya kamata masu murnar ɗaukakar Hausa su saurara da kunnen basira, domin babban harshe yana iya danne ƙanana ko bai yi niyya ba. Shi ne kuma ya fito a fim ɗin 2015 da aka gina a kan Purple Rain na Prince, wanda sunansa na Buzanci ya zama doguwar jimla mai nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Inda harshe bai ajiye kalma guda ba, yakan siffanta, kuma siffantawar takan fi aron daɗi.

Haka ta faru a rumfar Magarya. Shekaru mutumin yana ƙoƙarin sa wa kiɗan sunan da ya ga ya dace da shi, wato kiɗan ƙarfe, amma sunan bai bi bakin kowa ba sai nasa. Yanzu akwai samari uku ko huɗu, ɗaya ɗan kabu-kabu, ɗaya mai walda, da suke zuwa da memorinsu bayan la'asar. Ba su san Birmingham ba, ba su damu da sunan faifai ba. Abin da suke cewa shi ne, "Yaya, a ƙara mana irin mai tsawar nan." Shi kuwa yakan tura musu faifan gaba ɗayansa, a jere yadda masu shi suka tsara, ya ce kada su tsallake ko ɗaya, kuma kada su ƙure murya.